Sakatariyar Mai Agogo

Shekarunta hamsin da bakwai. Mai guga ce a ɗakin wankin wani otal, kuma matar mai gyaran agogo. 'Ya'yansu huɗu, duk sun kama gabansu. A wurin aiki Inna ake ce mata. A gida kuwa mijinta Sakatariya yake kiranta, sunan da ya laƙaba mata tun ranar da wata babbar waya ta shigo gidan.

Ɗakin wankin yana can ƙasan ginin otal ɗin, inda rana ba ta leƙawa. Teburinta shi ne na ƙurya, kusa da bututun tururi, wurin da sababbin ma'aikata ba sa iya wuni. Zanen gado, rigar filo, tawul, rigunan masu kai abinci, duk ta hannunta suke bi kafin su hau sama. Ta fara aikin tana goye da ɗanta na fari, yanzu ɗan ya fara furfura a gemu. A bayan hannunta na dama akwai tabon ƙuna, ta san labarin kowanne.

"Baƙo ba ya tambayar wa ya goge masa zanen gado," in ji ta. "Sai ranar da ya ga tabo a jiki, ranar ce za a tuna akwai mutum a ƙasa."

Karatunta bai wuce firamare ba. Mahaifinta direba ne, shi ya aike ta wata rana da agogonsa da ya tsaya, ta kai wa wani saurayi mai rumfa a ƙofar kasuwa. Ya gyara. Bayan kwana kaɗan agogo ya sake tsayawa, ta koma. Haka ta yi ta zarya har mahaifin ya ce ko dai yaron nan bai iya aiki ba, ko kuma ya iya fiye da kima. Sai da aka ɗaura aure agogon ya daina tsayawa.

Rumfar ba ta taɓa tashi daga inda take ba: akwatin gilashi mai cike da agoguna, benci, da wata tsohuwar lema. A hannun dama akwai teburin Mai Shayi, abokin wasansa na shekaru. A bakin ƙofa akwai kujerar Mai Gadi, wani dattijo mai teɓa wanda ba shi da iyali a garin. Da idon hagu Mai Agogo yake aiki. A nan yake maƙala ɗan madubin nan mai ƙara girman abu, ya runtse na dama, ya sunkuya da hantsaki yana ɗaukar ƙarfen da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da wannan idon ya ciyar da gida, da shi ya kai yara makaranta.

Shekara biyu da suka wuce ya fara yawan ƙishirwa da yawan zagayawa. Ya rame, wandunansa suka yi masa yawa. Da ƙyar ta ja shi asibiti. Likita ya ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jiki. Ya haska masa ido, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Baba, ya fara taɓa jijiyoyin idonka. In ka kiyaye abinci sukarin ya sauka, za ka ci gaba da aikinka. In bai sauka ba, ido zai tafi."

A hanyar gida, da suka kusa ƙofa, ya juyo gare ta. "Mai agogo ba ido," ya ce. "Ai gara mahauci ba wuƙa. Shi zai iya aro."

Autarsu, wadda ke aiki a wani gari mai nisa, ita ta samo shirin. Shiri ne na intanet da ke taimaka wa masu irin wannan ciwo su gyara cimarsu. Tsarinsa ba wuya. Kafin mutum ya ci abinci zai ɗauki hoton farantinsa ya tura ta manhaja. In rabin farantin kayan lambu ne, an rage shinkafa da burodi da mai, sai a ba shi tauraro. Ƙarshen mako akwai 'yan tambayoyi. Akwai zaure a cikin manhajar inda masu ciwon suke hira da juna a rubuce. Akwai kuma jami'ar lafiya da ke kiran mutum ta ji halin da yake ciki. Auta ta sayo babbar waya, ta yi wa mahaifinta rajista, ta haɗa da lambar 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai don kira. Ta zauna tana nuna masa inda zai taɓa.

Ya juya wayar gaba da baya, yana neman inda ake buɗe ta. "Ba ko ƙusa ɗaya a jiki," ya ce. "Abin da ba a buɗewa ban yarda da shi ba. Ni zan zauna ina shafa gilashi kamar mai lallashin kyanwa?"

"Haba Baba, hoto ne kawai."

"Ba wa uwarki. Ita ke dafawa, ita za ta ɗauka. Daga yau na yi sakatariya."

Aka yi dariya. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Shirin bai tambayi hannun wa ke riƙe da wayar ba.

Ta ɗauki aikin kamar yadda take ɗaukar guga. Da asuba take tashi ta yanka kabeji da karas da kokwamba, ta dafa wake, ta gasa kifi ko ta dafa ƙwai, ta auna shinkafa da ƙaramin kofi. Ta ware farin faranti guda ɗaya, ba a cin abinci da shi. Takan shimfiɗa gogaggen tawul a kan tebur kusa da taga, ta jera abincin, ta goge gefen farantin da tsumma, ta ɗauki hoto. Daga nan ta juye a kula, ta sa masa a jaka, kowa ya kama hanyar aikinsa. Kafin ta isa otal tauraro ya shigo.

A watannin farko jami'ar tana kiransa duk mako, a ƙaramar wayar, yana rumfa. Yarinya ce sa'ar Auta, mai kaifin kunne. Mai Shayi har yau yana ba da labarin ranar da ta kira suna tsakiyar karin kumallo.

"Baba, ƙarar me nake ji? Kamar cokali a kofi."

"Agogo ne, 'yata. Wani tsohon agogo."

"Agogon nan sukari cokali nawa aka zuba masa?"

"Biyu."

Mai Shayi ya ɗaga murya daga teburinsa: "Huɗu, ranki ya daɗe! Da madara!"

"Munafuki," in ji Mai Agogo. "Da ni da kai a lahira."

Ta yi dariya, amma ba ta ajiye waya ba sai da ya yi alkawarin komawa cokali ɗaya. Kuma ya koma. Mai Shayi ya shaida: muddin yarinyar nan tana kira, cokali ɗaya yake zuba masa, lemon kwalban da yake sha da rana ma ya daina. "Kunyarta yake ji," ya ce. "In waya ta yi ƙara har zama yake gyarawa."

A gida kuwa taurari suna ta taruwa. Ba ta taɓa tsallake rana ba, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita. A zaure aka fara sanin Baba Mai Agogo. Mutane suna tambaya: Baba, yaya kake yi wake ba ya gundurarka? Baba, me ake sa wa kabeji ya yi daɗi ba mai? Ita ke amsawa, da sunansa, a lokacin hutun rana, zaune a kan kwandon zannuwa tana danna harafi ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta rubuto cewa saboda farantin Baba ta daina shan lemo. Wani ya ce Baba ya buɗe makaranta. Da yamma takan karanta masa.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," yakan ce. "Ci gaba, Sakatariya. Me kuma suka ce game da ni?"

Ba ta ɓoye cewa abin ya yi mata daɗi ba. Shekara talatin da ɗoriya tana fitar da aiki mai tsabta ba wanda ya taɓa ce mata sannu, sai ga baƙin da ba ta sani ba suna yaba hannunta kullum. Sunan ba nata ba ne, amma farantin nata ne.

Tambayoyin ƙarshen mako ma ita ke cikawa. Takan karanta: yaya jikinka wannan makon? Sai ta ɗaga kai. "Malam, ya jiki?"

"Da sauƙi."

Sai ta danna inda aka rubuta haka. Tun da take ba ta taɓa jin ya ba da wata amsa ba, ko ranar da mota ta take masa ƙafa.

Wata rana saƙo ya shigo da hoton kofi na zinariya. Ana taya Baba Mai Agogo murna: ya shiga sahun waɗanda suka fi kowa ƙwazo, ya kai matakin da ba ya buƙatar kiran mako-mako. Auta ta kira tana ihu. Yayyenta suka turo addu'o'i. Labari ya kai kasuwa, Mai Shayi ya raɗa masa Tauraro. Kira kuwa ya tsaya.

Da lokacin komawa asibiti gwaji ya zo, ya ce yana da aiki. Da ta matsa, ya nuna wayar da haɓa. "Mai kofin zinariya me zai je nema a layin asibiti? Ki bar wa marasa lafiya." Ta duba taurarin, jere reras kamar zannuwan da ta ninke. Ta ƙyale shi.

Akwai abubuwan da ta gani, in ji ta, amma ba ta haɗa su wuri ɗaya ba. Kular tana dawowa a wanke tas, har da murfi, alhali mutumin nan bai taɓa ɗauraye ko cokali ba. Ramar ba ta tsaya ba, ta ɗauka aikin ganye ne. Sannan ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: yana zaune a falo, agogon bango na gabansa, sai ya ce, "Sakatariya, ƙarfe nawa?" Ta ɗauka tsokana ce. Takan ce, "Mai agogo da tambayar lokaci? Ai sai duniya ta tashi." Ya yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta gaya masa.

A kasuwa an riga an lura. Agoguna sun fara dawowa. Wani ya ce nasa yana gudu, wani ya ce an karce masa gilashi. Mai Shayi ya sha ganinsa durƙushe yana shafa ƙasa da tafin hannu, yana neman abin da ya faɗi, abin kuma yana nan kusa da gwiwarsa. Amma ba ya cikin al'adarsu mutum ya kai ƙarar abokinsa wurin matarsa.

Wata safiya ya maƙala madubin a idon hagu, ya cire, ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya sake cirewa ya hura masa iska. Sannan ya ce wa Mai Shayi, "Zo ka duba min, madubin nan ya yi baƙi." Mai Shayi ya duba. Madubi garau yake.

Daga ɗakin wanki aka kirawo ta. Ta isa asibiti da rigar aiki a jikinta. Likita ya ce jini ya zuba a cikin idon hagu, kuma bisa ga gwaji sukarin ya daɗe a sama, ba na mako ɗaya ko wata ɗaya ba ne. Ta ce ba zai yiwu ba. Ta ciro wayar, ta fara nuna masa hotuna: farin faranti, farin tawul, kabeji, kifi, ɗaruruwansu. "Ga abin da yake ci, likita. Kullum. Har kofi aka ba shi."

Likita ya duba hotunan cikin ladabi. Sannan ya dubi mijin. Mijin ya juya fuskarsa bango.

An kwantar da shi. Washegari ta je kasuwa don ta rufe akwatin gilashin da kyau ta ɗauko lemar. Rabonta da rumfar an daɗe. Tana isa ƙofa wani dattijo siriri ya miƙe daga kujera, ya cire hula. Da farko ba ta gane Mai Gadi ne ba.

"Uwargida! Ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya. Ni kuwa na daɗe ina son in yi miki godiya baki da baki. Abincin nan da kike aiko min, Allah ya saka da alheri. Kin gan ni nan? Teɓa ta tafi. Gwiwar da ke hana ni barci ta saki. Har 'yan kasuwa suna cewa ko aure zan yi."

Ta ce ba ta san lokacin da ta zauna a kan bencin ba. Mai Shayi ya bar tukunyarsa ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, yana kallon ƙasa.

"Tun yaushe?" ta tambaye shi.

"Tun da yarinyar nan ta daina kira. Kafin nan ma rabi yake ci."

"Shi me yake ci?"

"Abin da ya saba, Inna. Shayi, burodi. Da rana lemo da abin da masu talla suka kawo. Na ce masa, wallahi na ce masa. Sai ya ce ni likita ne ko mai shayi? In ban zuba ba ya miƙa hannu ya zuba da kansa."

Mai Gadi yana tsaye da hula a hannu, yana duban wannan yana duban wancan. "Shi ya ce min ke kika ce a ba ni," ya ce. "Ya ce nasa daban ne. Ni nake wanke kular, don kada a ce ban da tarbiyya."

Ba ta yi maganar a asibiti ba, gado kusa da gado, kunnuwa sun yi yawa. Sai da aka sallamo shi, idon hagu a rufe da auduga. Ta zaunar da shi a falo, ta ɗauko kular ta ajiye a kan tebur yadda zai ji ƙararta.

"Mai Gadi yana gaishe ka. Ya ce gwiwarsa ta warke."

"To, ai ba a yi asara ba ke nan," ya ce.

"Malam."

"Na ji."

"Me na yi maka? Gishiri ne bai ji ba? Ba ka da bakin da za ka ce min ba ka so?"

Ya buɗe baki, ya sa yatsa ya ja kumatunsa gefe. A can ciki, hagu da dama, haƙoran tauna saura kaɗan, su ma suna girgiɗi. Ta san yana fama da haƙori. Ba ta taɓa haɗa wannan da ɗanyen karas ba.

"Kamar in tauna tsakuwa," ya ce. "In na ci rabi, kaina ya yi ta sara har la'asar. Ga hannu na rawa don yunwa, ga agogon mutane a gabana."

"Da ka faɗa ai sai in dafa shi ya yi laushi! Abin da bai fi a ƙara wuta ba!"

"In ya dahu ba ya kyau a hoto. Ke kika faɗa da bakinki, ranar da ya yi miki lugub kika zubar kika sake wani."

Ta tuna ranar. Ta faɗa.

"Ina ganinki," ya ce. "Kina tashi tun duhu, kina goge bakin faranti kamar za a kai wa sarki. Da yamma ki zo kina karanta min abin da suka ce, fuskarki kamar ta yarinyar da ke kawo min agogon babanta. Rabon da in ga haka na manta. Sai in dawo miki da kula cike? A gidanmu ba a mayar wa mace da abincinta. Na ce bari in bari sai wata mai zuwa in gaya miki. Wata ya zo, aka ba mu kofi."

"Aka ba ka."

"Aka ba ki, Sakatariya. Ni me na yi?"

Ta ce ta so ta yi masa faɗa irin wanda ba ta taɓa yi ba, amma da ta dube shi da audugar nan a fuska sai ta ɗauki kular ta shiga kicin. Ta daɗe a can, famfo na zuba.

Ta daina tura hoto. Farin farantin ya koma cikin kwanuka. A zaure aka fara cigiya: ina Baba Mai Agogo? Ba ta amsa ba. Mako bai cika biyu ba ƙaramar wayar ta yi ƙara a aljihunsa.

"Baba, lafiya kuwa? Mun ga shiru."

Ya miƙa wa matarsa. Ita ta yi bayani, tun daga farko.

Jami'ar ba ta ƙi magana a kan lamarin ba. Ofishinta ɗaki ne mai tebur shida, kowa da abin saƙalawa a kunne da allon kwamfuta a gabansa. Ta ce mutanen da ke hannunta sun fi ƙarfin kira ɗaya-ɗaya. Babbar matsalar irin wannan shiri, in ji ta, ita ce mutane suna shiga da zafi, bayan 'yan makonni su yi sanyi su ɓace. Don haka aka tsara shi ya bi masu shiru. Wanda ya daina turo hoto, sunansa zai hau sama a allonta, ta kira shi. Wanda ke turowa kullum, sunansa yana can ƙasa, an ɗauka ya kama hanya. A mafi yawan lokuta hakan gaskiya ne, ta ce, ta ga mutane da dama da shirin ya taimaka.

"Abin da muke iya gani shi ne wa ya taɓa waya," ta ce. "Ba ma ganin wa ya ci. Baba yana ƙasan jerin fiye da shekara. In na gilma ta kan sunansa har daɗi nake ji, in ce ga ɗaya da ba sai na damu da shi ba." Ta gyara abin kunnenta. "Da Inna ta yi kasala ko na mako biyu ne, da na kira shi."

An gaya wa Inna wannan maganar. Ta ci gaba da gugarta.

Idon hagu bai dawo ba. Saura na dama, wanda shekara arba'in yana runtse shi don ɗan'uwansa ya yi aiki. Likitoci sun yi abin da za su iya, ita ma ta yi nata. Ta roƙi a bar ta ta riƙa shiga aiki da hantsi don ta samu karyawa tare da shi. Kabeji da karas yanzu dafa su take har sai cokali ya ratsa su, wake ta murje shi, kifi ta cire ƙaya. Launin abincin ba ya shiga ido. Tana zama a gabansa har ya gama, ko ya ce ya gaji. Sukarin ya sauka. Auta ta zo ta yi kuka, ta ce laifinta ne da ta kawo wayar. Uban ya ce ta yi masa shiru, gidan nan masu laifi sun yi yawa, kujeru ba za su isa ba.

A watan jiya likita ya faɗi abin da ya rage. Idon dama zai riƙe haske. Zai ga ƙofa, zai ga mutum a tsaye, zai gane matarsa in ta matso. Allurar agogo kuwa, ko ta bango, ba zai ƙara ganinta ba. An makara da kamar shekara ɗaya, in ji likitan.

Ita ta je ta kwashe rumfar. Agogunan da ba a gyara ba ta bi masu su ɗaya bayan ɗaya ta mayar, tana ba su haƙuri. Akwatin gilashin wani mai sayar da layin waya ya karɓa. Mai Shayi ya riƙe bencin, ya ce in Tauraro ya ji kewar kasuwa wurinsa na nan, shayi kuma ba sukari, in ya miƙa hannu a buge. Mai Gadi bai iya haɗa ido da ita ba. Ta ce masa ba shi da laifi, kuma tun daga ranar, in ta dafa, takan zuba nasa a tsohuwar kular ta ajiye masa a hanyarta ta zuwa otal. Madubin da hantsakin suna cikin aljihun rigar maigidan. Yakan ciro su ya juya a hannu ya mayar.

Ba su fita daga shirin ba. Jami'ar ta gyara rajistar, ta rubuta cewa mutum biyu ne: mai dafawa da mai ci. Ta ce kuma za ta riƙa kira ko da tauraro ko babu, amma Inna ba ta yarda da alkawarin da allo bai sani ba. Manhajar tana da gurbin hoto ɗaya ne kacal ga kowane cin abinci, kuma an rubuta a sama: ɗauki hoto kafin ka ci. Ita bayan an ci take ɗauka. A zaure ta rubuta layi biyu da sunanta, ta ce ita matar Baba ce, ita ce mai farantin, kuma duk mai dafa wa wani ya duba abin da ya rage. Waɗansu sun yi addu'a. Matar nan da ta daina shan lemo ta tambaya ko za a ci gaba da koya musu girki. Ba ta amsa ba tukuna.

Yau da safe ya ci wake da kifin duka, ya bar fiye da rabin kabejin, ya ture shi gefe da cokali kamar yadda yara ke yi. A kwanon roba ne, a kan tabarma, ba tawul. Ta ɗauki hoton yadda yake, har da ƙayar da ta kuɓuce mata, ta tura. Suka jira. Wayar ta yi 'yar ƙara.

"Tauraro nawa, Sakatariya?"

"Babu ko ɗaya."

"Kin lalace. Zan nemi wata."

"Nemi. Ka gaya mata ba albashi."

Ya juya fuskarsa wajen taga, inda hasken yake. "Ƙarfe nawa?" ya ce.

Ta dubi bango ta gaya masa. Sannan ta ciro ƙaramar wayar daga caji, ta duba ta ga ƙararta na kunne, ta sa masa a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai. Ta ɗauki kular Mai Gadi da rigar aikinta, ta ja ƙofa.